Auna magani a jiki ba tare da allura ba: tambayoyi da amsoshi kan tatsar fata da lantarki

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga 'yan uwa mazauna Makka, Jidda da Madina da ke jinyar wani wanda ake ɗibar jininsa a kai a kai saboda maganin da yake sha: mai farfaɗiya, mai shan litiyam, jaririn da aka haifa bai isa haihuwa ba. Mun amsa su yadda masu harhaɗa magani da ma'aikatan ɗakin gwaji suka san abin.

Wai da gaske ne ana iya sanin yawan magani a jiki ba a tsira wa mutum allura ba?

Da gaske ne ana iya fito da maganin ta fata a auna shi. Sunan hanyar a wurin masana ayontoforesis na juyawa, mu kuma za mu kira ta tatsar fata da lantarki, domin abin da ake yi ke nan: a ɗora faifai biyu a kan fata, a bi da 'yar ƙaramar wuta ta tsakaninsu, wutar ta jawo abin da ke cikin ruwan ƙarƙashin fata zuwa waje. Sai dai a rarrabe abu biyu. An gwada hanyar a kan mutane kuma ta yi aiki da wasu magunguna, amma har yanzu ba ta zama gwajin da likita zai rubuta maka a mustashfa, wato asibiti, ba. Duk wanda likita ya ce a auna masa litiyam ko fenitoyin, jini ne za a ɗiba.

Me ya sa ma ake auna wasu magunguna a jini, alhali Panadol ba a auna shi?

Saboda wasu magunguna tazarar da ke tsakanin warkarwa da cutarwa a cikinsu ba ta kai taƙi ba. Litiyam, wanda ake ba masu ciwon nan da ke sa mutum ya yi sama da zumuɗi sannan ya faɗa cikin baƙin ciki, ana son ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.2 milimol a kowace lita ta jini, wasu likitocin ma sun fi son kada ya wuce 1.0. Da ya haura 1.5 guba ta fara, ya kai 2.0 kuwa maganar gadon asibiti ce. Fenitoyin na farfaɗiya, wanda aka fi sani da Epanutin, ana neman miligiram 10 zuwa 20 a lita, ga shi da halin ban tsoro: hanta tana da iyakar abin da za ta iya narkarwa, idan an kusa iyakar sai ƙarin ƙwaya ɗaya ƙarama ta ninka yawan maganin a jini. Balfurowet, wato Depakine, shi ma na farfaɗiya, miligiram 50 zuwa 100 a lita. Haka digokzin na zuciya, da allurar jentamaisin da amikasin masu taɓa ƙoda da kunne idan sun taru.

Mutum biyu su sha ƙwaya iri ɗaya, ɗaya ƙodarsa garau, ɗaya tsufa da ciwon suga sun rage mata ƙarfi, abin da zai zauna a jininsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa ake awo.

Ta yaya wuta take jawo magani daga cikin jiki?

Ta hanya biyu, kuma wanda ya fahimci bambancinsu ya fahimci rabin maganar.

Ta farko ita ce jan caji. Magunguna da yawa idan sun narke a ruwan jiki suna ɗauke da caji, ko fositif ko nagatif, kamar kawunan batirin mota. Mai fositif yana gudu zuwa faifan nagatif, mai nagatif yana gudu zuwa faifan fositif. Litiyam fositif ne, don haka a faifan nagatif ake tarar da shi tare da sodiyam da fotasiyam. Balfurowet nagatif ne, yana bin kuloraid zuwa faifan fositif.

Ta biyu ita ce kwararar ruwa. Fatar mutum a yanayinta na yau da kullum tana ɗauke da cajin nagatif, saboda haka ta fi barin masu fositif su wuce. Sodiyam, wanda shi ne mafi yawa a ruwan jiki, yana tafiya zuwa faifan nagatif yana jan ɗan ruwa a bayansa, ruwan kuma yana kwaso abin da ba shi da caji ko kaɗan, irin su suga. Ruwan da ke fitowa ta wannan hanya bai kai ɗigo ɗaya ba a awa guda. Fenitoyin yana da ƙafa a kowane gida: wani ɓangarensa yana da cajin nagatif, wani ba shi da caji, don haka ana samunsa a faifan biyu.

Wutar ba ta ratsa fata ko'ina daidai. Matacciyar fatar da ke sama, wadda kaurinta bai wuce maikiromita 10 zuwa 20 ba, ita ce katangar, sai wutar ta nemi ƙofa mai sauƙi: ramukan gashi da hanyoyin gumi.

Asalin dabarar ba sabuwa ba ce, sai dai da can tura magani ciki ake yi da ita. A farkon ƙarni na 20 wani likitan Faransa, Stéphane Leduc, ya haɗa zomaye biyu da waya ɗaya, ya sa gubar sitiriknin ƙarƙashin faifan fositif a jikin ɗaya, ya sa sayanaid ƙarƙashin faifan nagatif a jikin ɗayan. Da ya kunna wuta duka biyun suka mutu. Da aka juya kawunan wayar a kan wasu zomayen, babu abin da ya same su. A 1959 kuma Gibson da Cooke suka yi amfani da lantarki suka tura filokafin cikin fata don a fito da gumi a auna gishirinsa, gwajin da har yau ake yi wa yaran da ake zargin suna da ciwon sistik faiburosis.

Yaya ake yin sa, mataki-mataki?

A ɗakin bincike, ga yadda abin yake tafiya. Ana zaɓar cikin hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, inda gashi bai yi yawa ba kuma babu rauni, ƙurji ko tabo. A goge wurin a bar shi ya bushe. Ba a aske gashi da reza dab da gwajin, domin reza tana barin 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, wuta kuma takan taru a nan ta ƙona.

Sai a manna ƙananan kofuna biyu, ko faifan jel biyu, kowanne faɗinsa 'yan santimita, a bar tazara tsakaninsu don kada ruwan ɗaya ya taɓa ɗaya. A cikin kowanne akwai ruwa da aka daidaita tsaminsa kusa da na jiki, wajen pH 7.4, da waya ta azurfa mai rufin azurfa-kuloraid. Kofin fositif dole a sa masa kuloraid, domin azurfar tana cinsa yayin aiki. Kofin nagatif kuma, idan sodiyam da litiyam za a auna, ba a zuba masa gishirin sodiyam, in ba haka ba ba za a san wanda ya fito daga jiki da wanda aka zuba ba.

Na'urar da ke ba da wutar irin wadda ke riƙe yawan wuta a wuri ɗaya ce, boltej ɗin ne ke hawa da sauka. Dalili: busasshiyar fata tana da taurin kai ga wuta da farko, bayan 'yan mintoci sai taurin ya faɗi ƙwarai. Da boltej aka riƙe, wutar da ke shiga za ta yi ta ƙaruwa ba a sani ba. Ana hawar da wutar a hankali, ba a wuce miliyamfiya 0.5 a kowane murabba'in santimita. Duk bayan minti 15 zuwa 30 a zuƙe ruwan kofin a zuba sabo, na farko a ajiye shi gefe, sauran a kai su na'urar awo. A lokaci guda ana ɗibar jinin mutumin don a kwatanta.

A lura da wannan ƙarshen: tatsowa daban, aunawa daban. A yawancin gwaje-gwajen magani, ruwan da aka tatso manyan na'urorin ɗakin gwaji ake kai wa. Haɗa mai tatsa da mai awo a cikin abu ɗaya da zai zauna a hannu, nan ne aikin ya fi wuya.

Nawa ne maganin da ke fitowa?

Kaɗan ne ƙwarai, kuma ana iya lissafa shi da alƙalami. Wutar miliyamfiya 0.5 na awa guda tana daidai da kulom 1.8, kulom kuwa shi ne ma'aunin yawan caji. Bisa ƙa'idar Faraday, kulom 96,485 ne ke ɗaukar mol ɗaya na caji (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne, maikiromol kuwa ɗaya bisa miliyan ɗinsa), don haka a wannan awa maikiromol 19 ne kacal na ƙwayoyi masu caji za su ratsa fata, kowa da kowa. Wannan ɗan rabo kuma rububinsa ake yi. Sodiyam da ke wajen milimol 140 a lita yana kwashe sama da rabi, kuloraid ya ɗauki mafi yawan saura. Litiyam da ke milimol 1, wato ɗaya bisa 140 na sodiyam, ga shi kuma ya fi sodiyam nauyin tafiya a ruwa, abin da zai samu bai wuce nanomol 50 zuwa 70 ba. A narka wannan a mililita ɗaya na ruwa, za a sami abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na ƙarfinsa a jini ba. Litiyam ke nan, wanda ya fi kowa sauƙi.

Ba ya jan mutum kamar shokin? Ba ya ƙona fata?

Cajar waya tana ba da amfiya 2, wato miliyamfiya 2,000. Nan ana maganar rabin miliyamfiya ne daga ƙaramin batir. Abin da mutum yake ji ɗan tsikari ne ko ƙaiƙayi a mintocin farko, sai wurin ya yi ja na wasu awoyi.

Ƙuna kuwa tana faruwa, kuma sanadinta sananne ne. Na farko, faifan da bai kwanta daidai ba: idan rabinsa ya ɗaga, duk wutar sai ta bi ta sauran rabin, ƙarfinta a wurin ya ninka. Na biyu, ƙarewar rufin wayar. Miliyamfiya 0.5 na awa guda tana cin wajen miligiram 2 na azurfa a faifan fositif, tana kuma cinye rufin kuloraid na faifan nagatif daidai gwargwado. Da zarar ɗaya ya ƙare sai wutar ta koma fasa ruwa: ɓangaren fositif ya yi tsami kamar asid, ɓangaren nagatif ya koma kamar ruwan soda. Na soda ya fi muni, domin yana narka fata yana shiga ciki. Shi ya sa ake juya kawunan wutar lokaci zuwa lokaci don rufin ya sake ginuwa, shi ya sa kuma duk mai cewa zai haɗa abin a gida da batir da ƙarfen cokali yake neman tabo. Ko kamfanoni sun sha wannan: faifan Zecuity mai tura maganin ciwon kai na ɓari ɗaya ta fata an dakatar da sayar da shi a Amurka a 2016 saboda rahotannin ƙuna da tabo.

Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko wata na'urar lantarki da aka dasa masa, ba a yi masa wannan.

Abin da ke ƙarƙashin fata daidai yake da abin da ke cikin jini?

Ba daidai ba ne, kuma a nan hanyar take da fa'idar da ta fi ta rashin allura. A cikin jini magunguna da yawa suna manne da wani furotin mai suna albumin. Wanda ya manne ba ya aiki, ba ya shiga ƙwaƙwalwa, ba ya fita daga jijiya. Sakakken ne kawai yake aiki, kuma shi ne kawai yake isa ruwan ƙarƙashin fata ya biyo wuta.

A ɗauki fenitoyin. A lafiyayyen mutum wajen kashi 90 cikin 100 a manne yake, don haka jimilla 10 zuwa 20 tana nufin sakakke 1 zuwa 2. To ga dattijo mai ciwon ƙoda ko hanta, albumin ɗinsa ya yi ƙasa, sakakken ya koma kashi 20 cikin 100. Takardar tahlil, wato gwajin jini, ta nuna 12, kowa ya ce lafiya lau, alhali sakakken 2.4 ne, ya wuce iyaka, dattijo yana tangaɗi idonsa yana rawa. Haka yake faruwa ga mai shan fenitoyin da Depakine tare, domin Depakine yana ture shi daga jikin albumin. Tatsar fata sakakken take gani kai tsaye. Wahalarta ita ce kashi ɗaya bisa goma kawai take da shi na abin da za ta auna.

Akwai kuma jinkiri. Magani yana fita daga jijiya, ya shiga ruwan fata, ya ratsa katanga, ya taru a faifai. Abin da aka karanta yanzu labarin minti 15 zuwa 20 ne da suka wuce ko fiye. Ga litiyam da ake auna shi awa 12 bayan an sha, wannan ba komai ba ne. Ga sugan da ke faɗuwa da gudu, babban abu ne.

Waɗanne magunguna ne suka dace da wannan hanya, waɗanne ne ba su dace ba?

Wanda ya dace shi ne ƙarami, mai caji, mai narkewa a ruwa, wanda ba ya manne wa furotin, kuma yana da yawa a jini. Litiyam ya cika duka biyar ɗin. A 2004 ƙungiyar Richard Guy da Begoña Delgado-Charro ta gwada shi a kan majinyata masu shan litiyam a Janeba, abin da ya fito ta fata ya bi sawun abin da ke jini da kyau. Ƙungiyar ta yi aiki a kan fenitoyin da balfurowet ma, wasu kuma sun gwada amikasin, da abubuwan jiki irin su yuriya da laktet.

Wanda bai dace ba: digokzin, domin a jini wajen nanogiram 1 ne a mililita, idan aka ƙirga ƙwayoyi kusan ɗaya bisa miliyan na litiyam, ga shi ba shi da caji. Takrolimus na masu dashen ƙoda yana ɓuya ne cikin jajayen ƙwayoyin jini kuma ba ya son ruwa. Bankomaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙato ne, nauyinsa ya ninka na litiyam sau 200. Warfarin kuwa, maganin hana jini daskarewa, tun asali ba yawansa ake aunawa ba, saurin daskarewar jini ake dubawa, wannan kuma sai da jinin.

Idan dole sai an kwatanta da jini, ina amfanin?

Tambaya mai kyau. Fatar kowa daban, ko a jikin mutum ɗaya wannan wuri ba ya ba da abin da wancan ya bayar. Don haka na'ura ba za ta iya cewa nanomol kaza ya fito, saboda haka jini kaza ne ba, sai an saita ta da ɗigon jini tukuna.

Dabarar da aka fito da ita don kauce wa haka ita ce a auna abu biyu tare. Sodiyam a jinin mutum kusan ba ya motsi, tsakanin 135 da 145. Idan fatar ta bar abu ya wuce da yawa, litiyam da sodiyam duk za su ƙaru tare, idan ta matse duk su ragu tare, amma rabon da ke tsakaninsu yawan litiyam ne kawai ke canza shi. Ga litiyam wannan ya zauna daram, saboda shi da sodiyam mota ɗaya suke hawa, jan caji. Ga suga bai zauna sosai ba, domin suga kwararar ruwa yake bi, ita kuma tana canzawa daga fata zuwa fata. Ko ga litiyam ɗin akwai tarko: mutumin da sodiyam ɗinsa ya faɗi, ta dalilin ƙwayar fitsari ko Tegretol na farfaɗiya ko shan ruwa barkatai bayan gumi mai yawa, lissafin zai karkace.

Shi kuma kofin farko da muka ce ana ajiyewa gefe: matacciyar fatar sama tana tara magani na kwanaki daga gumi da daga sabunta kanta. Abin da ya fara fitowa tsohon ajiya ne, yakan nuna adadi sama da na gaskiya. Sai an kwashe shi kafin a fara ganin na yau.

An taɓa sayar da irin wannan na'ura a kasuwa?

An yi, ta suga. GlucoWatch ta kamfanin Cygnus ta sami izinin hukumar magunguna ta Amurka a 2001. Kamar agogo take, a bayanta faifan jel biyu. Tana bi da wutar miliyamfiya 0.3 na minti 3, ta auna na minti 7, ta juya kawuna ta maimaita. Ta farko tana buƙatar awa 3 na shiri, sannan a tsira yatsa a saita ta, ta ba da sakamako duk minti 20 na awa 12. Ta biyu da ta fito a 2002 ta rage shirin zuwa awa 2, sakamako duk minti 10 na awa 13. Zuwa 2007 an daina yin ta.

Abin da ya kashe ta shi ne abin da duk wata sabuwa za ta fuskanta: ja da ƙaiƙayi, har da bororo, a hannun mai sa ta kullum, doguwar jira, rauni wajen gane suga idan ya yi ƙasa, da gumi.

To mu da ke cikin zafin Makka da Jidda, gumin fa?

Shi ne babban abokin gaba. Gumi ruwan gishiri ne, idan ya jiƙa fatar da ke tsakanin faifan biyu sai wuta ta sami gajeriyar hanya ta sama, ta daina shiga ciki. Na'ura tana ganin ta ba da wutarta, amma ba ta tatso komai ba. Gumi yana kuma shigo da nasa sodiyam ɗin da nasa maganin cikin faifai, ya ɓata rabon da ake dogaro da shi, ya kuma sassauta mannin. GlucoWatch an sa mata abin gane gumi, da ta ji shi sai ta tsallake awon. Abin takaici, gumi yana cikin alamun faɗuwar suga, don haka a daidai lokacin da aka fi buƙatarta take yin shiru.

Zafi shi ma yana ƙara gudun jini a fata yana canza saurin sinadarin awo. Wanda ya fito daga mota mai sanyi ya shiga rana ta digiri 45, ko ya shiga iskar Jidda mai laima a watan Agusta, fatarsa ta canza hali cikin minti biyar. Duk na'urar da za ta yi amfani a ƙasar nan sai an gwada ta a irin wannan yanayi.

Baƙar fata tana canza sakamako? Lalle da man shafawa fa?

Launin fata yana damun na'urorin da ke aiki da haske, irin abin da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini. Wuta ba ta kallon launi. Abin lura shi ne jan da ke nuna fata ta fara gajiya ba ya fitowa fili a baƙar fata, sai a makara, wurin kuma yakan bar baƙin tabo na watanni. Ma'aikaci ya taɓa wurin ya ji ɗumi da kumburi, ya tambayi mai jikin, kada ya tsaya ga ido.

Ba a ɗora faifai a kan lalle, ko inda aka shafa mai, basilin ko turare mai maiƙo. Mai yana toshe ramukan da wuta ke bi. Fatar da man canza launi ya sirantar kuwa ba ta jure wuta, kuma abin da ke ratsa ta ba ya bin ƙa'idar sauran.

Yaya batun alwala da azumi?

Wurin da masu bincike suka fi so, cikin hannu, gaɓar alwala ce da ake wankewa sau biyar a yini. Faifan da zai zauna awa 12 a nan zai sha ruwa ko ya hana ruwa isa fata. Damtse sama da gwiwar hannu ko gefen ciki sun fi dacewa da mai salla.

Azumi kuma, tatsa fitarwa ce ba shigarwa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa a zamanta na Jidda na 1997 ta lissafa abin da ke shiga ta fata, irin man shafawa da faifan magani, cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Ɗibar ɗan jini don gwaji ma Shaihu Ibn Baz ya yi fatawa cewa ba ya karyawa, don haka azumi ba hujjar ɗage tahlil ba ne.

Faifan Libre da ake gani a damtsen masu ciwon suga, shi ne wannan? Agogon da ake tallatawa a waya fa?

A'a. FreeStyle Libre da Dexcom suna da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata 'yan milimita ya zauna a can. Ba wuta ce ke jawo komai ba, kuma suga kaɗai suke aunawa.

Agogo da zoben da ake cewa suna auna suga ba tsira, hukumar Amurka ta yi gargaɗi a kansu a Fabrairun 2024 cewa babu ko ɗaya da ta amince da shi. Mai cewa nasa yana auna magani a jini ya ma fi nisa da gaskiya. Duk na'urar lafiya da za a sayar a Saudiyya sai da izinin Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar. A nemi lambar izinin a duba, ko a tambayi mai saidaliyya, wato kantin magani.

An ce jarirai ne za su fi amfana. Haka ne?

Su ne suka fi buƙata. Bakwainin da bai wuce kilo 1 ba, duk jinin jikinsa bai kai mililita 100 ba, kowane ɗiba ragi ne. An yi gwaji a ɗakin bincike a kan kafin da tiyofilin, magungunan da ake ba su don kada numfashi ya tsaya. Amma fatar bakwaini ba ta gama ginuwa ba, tana canzawa mako zuwa mako, saitin yau ba zai yi aiki jibi ba, kuma manni kaɗai yana iya saɓule ta.

Mahaifina yana shan litiyam, ga azumi ga aikin Hajji a gaba. Kafin na'urar ta zo, me za mu yi?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙoda tana riƙe litiyam kamar yadda take riƙe gishiri, don haka duk abin da ya busar da jiki yana ɗaga shi: gumi, ƙishirwa, gudawa, amai, rage gishiri kwatsam. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu. A je wa likitansa makonni kafin azumi ko tafiya Mina, a auna litiyam, ƙoda da sodiyam, likita ne zai ce ko azumin zai yiwu da yadda za a tsara shan maganin.

Lokacin ɗibar jini shi ne inda aka fi yin kuskure. Awa 12 ake so bayan ƙwayar ƙarshe. Idan Baba ya sha da ƙarfe 10 na dare bayan tarawihi, jini ƙarfe 10 na safe. Idan da sahur ya sha ƙarfe 4, jini ƙarfe 4 na yamma. Wanda aka ɗiba awa 3 bayan sha zai nuna adadi mai tsoratarwa da ba na gaskiya ba, wanda aka ɗiba bayan awa 20 zai nuna ƙasa, likita ya ƙara magani ba dalili. Idan an canza yawan ƙwaya a jira wajen mako guda kafin a auna, daga nan duk wata 3 a shekarar farko, ƙoda da maƙoƙo da kalsiyam duk wata 6.

Kada a ba shi Brufen ko Voltaren don ciwon ƙafa bayan ɗawafi, suna hana ƙoda fitar da litiyam. Panadol ya wadatar. Sabuwar ƙwayar hawan jini ko ta fitsari, a gaya wa likitan cewa yana shan litiyam kafin ya rubuta. Idan aka ga hannunsa yana karkarwa mai ƙarfi, yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, ko amai da gudawa sun haɗu masa, kada a ba shi ƙwaya ta gaba. A ba shi ruwa in yana iya sha, a kira 997 ko a kai shi ɗakin gaggawa da kwalin maganin a hannu, a faɗa musu ƙarfe nawa ya sha na ƙarshe.